Ƙofar jami'a a buɗe take, zaman cikin ne ke gagarar mata

Duk shekara idan hukumar JAMB ta saki sakamako, gidaje da yawa a Bauchi da Gombe sukan shiga wata shawara da ba a cika jin labarinta a rediyo ba. Yarinya ta ci, makinta ya kai, har an ba ta gurbi. Sai magana ta koma zaure, tsakanin mahaifinta da baffanninta, wani lokaci har da wanda ya kawo kuɗin gaisuwa. Mahaifin nan yawanci ba maƙiyin boko ba ne, domin shi ya biya kuɗin WAEC da NECO, shi ya kai ta cibiyar jarrabawa da sassafe. Abin da yake faɗa wa duk wanda ya je roƙonsa shi ne: "Malam, ni ba karatun nake ƙi ba. A ina za ta kwana? Idan wani ya takura mata, wa za ta faɗa wa? In aure ya zo a tsakiya fa, shi ke nan an yi asarar shekarun?"

Mun saba ɗaukar waɗannan tambayoyi a matsayin alamar duhun kai, sai mu ce maganinsu wayar da kai. Ni ina ganin tambayoyi ne na mai hankali, kuma amsarsu ba ta wurin malamin wa'azi ko mai shirin rediyo. Tana cikin ɗakunan taro guda biyu da kowace jami'a take da su, inda ake rubuta ƙa'idojin da ɗaliba za ta rayu a ƙarƙashinsu shekara huɗu ko biyar. Muddin waɗannan ƙa'idoji ba su amsa wa uban nan ba, ko an yi taron bita ɗari kan ilimin mata, yarinyar tana gida.

Kafin 1980 babu jami'a ko ɗaya a tsohuwar jihar Bauchi, wadda a lokacin ta haɗa har da Gombe. Mai son digiri sai ya nufi Zariya, ko Kano, ko Maiduguri, ko Jos. A shekarar ne aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bauchi, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1984, sannan ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988 da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. Fiye da shekara ashirin ita kaɗai ce a wannan yanki, kuma ta kimiyya da fasaha ce. Ke nan jami'ar da ke kusa da gida tana neman lissafi da fizik da kemistiri, darussan da makarantun 'yan mata suka fi ƙarancin malamansu da ɗakunan gwajinsu. Wadda ta karanta tarihi ko Larabci ko adabi sai ta yi tafiya mai nisa, ko ta haƙura da kwalejin ilimi.

Al'amarin ya sauya a 2004 da aka buɗe Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, a tsakiyar gari. A 2011 aka samu biyu lokaci guda, ta jihar Bauchi a Gaɗau, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, da ta tarayya a Kashere. A 2021 aka ƙara ta kimiyyar lafiya a Azare. A ganina wannan kusantowa ta shigar da mata jami'a fiye da duk wata takardar manufa da aka taɓa rubutawa. Yarinyar da ke Jekadafari ko Bolari tana iya karyawa a gidansu, ta hau Keke Napep, ta yi lakca, ta dawo kafin magariba. Tambayar farko ta uban ta amsu ba tare da an yi masa huɗuba ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da ake kira ƙin karatun mata, kaso mai yawa na cikinsa rashin natsuwa ne da yanayin karatun.

To, su wa ke da ikon gyara yanayin? A sama akwai Majalisar Gudanarwa. Ita ke riƙe da kuɗi da gine-gine da ɗaukar ma'aikata da korarsu, kuma a jami'o'in tarayya, tun gyaran dokar da aka yi a 2003, ita ke naɗa shugaban jami'a na wa'adi ɗaya mai shekara biyar. Wasu daga cikin mambobinta gwamnati ke naɗo su daga waje, shugaban ƙasa a jami'ar tarayya, gwamna a ta jiha. Sai majalisar malamai, wadda ake kira Sanet, inda farfesoshi da shugabannin tsangayoyi da na sassa suke zama. Duk abin da ya shafi karatu nata ne: wa za a ɗauka, yaushe za a yi jarrabawa, wa ya ci, wa za a sallama. A bayan su akwai hukumar NUC mai kula da jami'o'i, da ke gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗa, da JAMB da ke tsare ƙofar shiga. Mafi yawan abubuwan da zan ambata ba sa jiran Abuja. Zama ɗaya na Sanet ya ishe su.

Mu fara da ƙofar. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya sananne ne: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, waɗanda Bauchi da Gombe suke cikinsu. Wato ƙasar nan ta daɗe da yarda cewa wanda ya taso daga baya yana buƙatar a miƙa masa hannu, kuma mu 'yan Arewa mun ci moriyar wannan yarda. Sai dai lissafin ya tsaya a kan jiha, bai leƙa cikin gida ba, inda 'ya mace take baya da ɗan'uwanta. Wasu ƙasashen Afirka sun leƙa. Jami'ar Makerere a Yuganda ta fara ƙara wa mata maki ɗaya da rabi wajen neman shiga tun 1990, kuma adadin matanta ya ɗaga sosai bayan haka.

Akwai masu kiran a yi irin wannan a nan. Na fahimci dalilinsu, amma ban ga shi ne abin farawa ba. Na farko, ƙarin maki yana amfanar wadda ta riga ta iso bakin ƙofa, galibi 'yar birni da ta yi makarantar kuɗi, ba ya taɓa 'yar Ningi ko Dukku da ba ta samu kiredit a lissafi ba saboda makarantarsu ta shekara biyu babu malamin lissafi. Na biyu, yana bar wa mace tabon da za a riƙa yi mata gori da shi, a ce ai ɗaga mata ƙafa aka yi. Abin da ya fi shi amfani shi ne karatun share fage, wanda jami'o'inmu suka riga suka saba da shi. A ware wa 'yan matan makarantun gwamnati na ƙananan hukumomi gurabe a ajin kimiyya na share fage, a sauƙaƙa musu kuɗinsa, a ba su wurin kwana, sannan su zauna jarrabawa ɗaya da kowa. Wannan yana da muhimmanci domin manufar ƙasa ita ce a ba kimiyya kashi 60 na gurabe, sauran fannoni kashi 40. Idan 'yan mata suka taru a ɓangaren 40, suna gasa ne a wurin da ya fi cunkoso. Shirin AGILE na Bankin Duniya kan ilimin 'yan mata, wanda aka faɗaɗa zuwa Bauchi da Gombe, yana aiki a kan makarantun sakandare, kuma nan da 'yan shekaru 'yan matan da ya riƙe za su iso. Ya kamata jami'o'i su shirya tarbarsu.

Amma inda na fi so a tsaya a duba da kyau shi ne bayan an shiga. Ƙa'idojin karatu na jami'a an rubuta su ne da wani irin ɗalibi a zuciya: saurayi, marar aure, wanda ba ya goyo, ba ya girki, ba mai tambayarsa inda ya kai dare. Ba mugunta ce ta sa ba, haka aka gaji tsarin. Sai dai ɗalibar Bauchi ko Gombe sau da yawa ba haka take ba. Da yawa suna shiga da aurensu, wasu kuma ana ɗaura musu a aji biyu ko uku.

Ga yadda lissafin yake. Zangon karatu yana ɗaukar kusan mako 15 na koyarwa, kuma ƙa'ida ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin ya zauna jarrabawa. Mace ta haihu a tsakiyar zango. A al'adarmu tana wankan jego har ta yi arba'in, in haihuwar fari ce ma a gidan iyayenta, wataƙila a wani gari. Kwana arba'in kusan mako shida ne. A cire shida daga 15, abin da ya rage bai kai kashi 75 ba. Ke nan tun kafin ta buɗe littafi, ƙa'ida ta riga ta fitar da ita. Wadda mijinta ya rasu kuwa, takabarta wata huɗu ne da kwana goma, zango guda cur. Waɗannan ba abubuwan ba-zata ba ne a cikin al'ummarmu. Kowa ya san za su faru, kowace shekara, a kowane sashe. Duk da haka ana bi da su kamar hatsarin mota, a ce a kawo takardar likita.

Za a ce ai akwai damar jingine karatu. Akwai, amma a duba hanyarta. Ɗaliba za ta rubuta takarda ta biyo ta hannun shugaban sashe, ta je wurin shugaban tsangaya, ta jira zaman Sanet. Sau da yawa ana so takardar ta shiga kafin jarrabawa, kuma asibitin jami'a ya sa hannu a kan rahoton likitan da ya duba ta. Wadda naƙuda ta zo mata ana saura mako biyu a fara jarrabawa, ko aka yi mata tiyata, wa zai yi mata wannan zirga-zirga? Idan takardar ba ta iso ba, sai a rubuta mata faɗuwa a duk kwasa-kwasan da ta yi wa rajista. Makinta na jimla ya rushe. Shekara mai zuwa ta dawo da kariyoba takwas a ka, ga sababbin kwasa-kwasai, ga iyakar nauyin da aka yarda ɗalibi ya ɗauka a zango, ga jariri. Sannan ga wa'adin da ba a wucewa, domin digirin shekara huɗu ba a yarda ya haura shida ba. Na ga wata 'yar'uwata a wata jami'a tana rubuta jarrabawa kwana goma sha bayan haihuwa, ƙanwarta na zaune a gindin bishiya a waje da jaririn a cinya. Yaron na fara kuka ƙanwar ta matso bakin taga tana cewa a hankali, "Yaya, ya farka." Mai sa ido a jarrabawar mutumin kirki ne, ya bar ta ta fita ta shayar ta dawo, amma lokacin da ta ɓata bai dawo ba, kuma da wani ne a wurin a ranar, yana da ikon hana ta.

Matsalar ke nan: abin ya dogara ga kirkin wanda aka tarar. Manufa ita ce ta mayar da alfarma ta zama haƙƙi. Sanet tana iya rubutawa cewa haihuwa da takaba dalilai ne da aka amince da su kai tsaye, shaidar asibitin gwamnati ko takardar mai unguwa ta wadatar, kuma ana iya kawo ta ko bayan jarrabawa. Ta rubuta cewa zangon da aka jingine ba ya shiga lissafin wa'adi, kuma kuɗin rajistar da aka biya ba ya ƙonewa. Ta tanadi jarrabawar cike gurbi a ƙarshen shekara ga wanda uzuri na gaskiya ya hana, mace ko namiji. Ta bar mai goyo ta ɗauki nauyin kwasa-kwasai ƙasa da na kowa idan ta nema. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke rage darajar digiri, domin tambayoyin jarrabawar ba su canza ba. Kuma babu wanda ke buƙatar siminti ko kwangila.

Akwai kuma ƙaura. A wurinmu mace ke bin miji. Yarinya tana aji uku a Gombe, aka aurar da ita Kano ko Kaduna, sai ta tarar sauya jami'a abu ne mai wuyar gaske: sai an samu gurbi, sai makin ya kai, sai an biya kuɗi mai yawa, kuma a ƙarshe a ce ta koma aji biyu. Hukumar bautar ƙasa ta daɗe da gane wannan, shi ya sa take mayar da matar aure jihar da mijinta yake idan ta kawo shaida. Me zai hana jami'o'in yankin nan su ƙulla yarjejeniya tsakaninsu, su riƙa karɓar sakamakon juna? Manhajar ai kusan ɗaya ce, NUC ce ta shata ta.

Yajin aiki ma ba ya cin maza da mata daidai. A 2020 ƙungiyar ASUU ta yi wata tara, a 2022 ta yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Saurayi ya tafi kasuwa ko gona, ya dawo da aka buɗe. Budurwar da aka yi alkawarin za a jira ta gama, sai iyaye suka ga shekara huɗu tana neman zama shida, mai nema ya ƙosa, aka sa rana. Wasu sun dawo da ciki, wasu ba su dawo ba. Majalisar jami'a ba ita ke kawo ƙarshen yajin aiki ba, amma ita ke tsara abin da ke biyo baya, lokacin da ake matse zango a cikin 'yan makonni, a sa lakca da bakwai na safe da shida na yamma har da Asabar da Lahadi. Wadda ke da miji da yara ita ce ta farko da wannan matsi ke karyawa.

Wurin kwana shi ne ɓangaren da ke cin kuɗi, kuma ba zan yi kamar abu ne mai sauƙi ba. Harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Gubi tana da nisa da cikin garin Bauchi. Gaɗau da Kashere ƙananan garuruwa ne da jami'a ta sauka a kansu kafin su shirya. Inda gadaje ba su isa ba, ɗalibai suna kama haya a unguwannin kewaye, irin su Yelwa da Gwallameji a Bauchi, kuma kalmar "zaman haya" kaɗai ta isa ta sa uba ya janye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya sa jeka-ka-dawo ya zama nauyi shi ma. Gina sababbin ɗakuna yana buƙatar asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ko 'yan kasuwa, amma rabon waɗanda ake da su yana hannun hukuma. Idan aka buɗe shafin intanet aka ce wanda ya riga ya samu, mai babbar waya da ɗan'uwa a ofis shi zai riga. Ana iya cewa duk yarinyar da ke shekarar farko, kuma gidansu ba a garin yake ba, gadonta tabbas ne, a rubuta mata haka a cikin takardar ba ta gurbi domin ta nuna a gida. Ana iya ware ɓangare ɗaya ga masu goyo, tunda yawancin ɗakunan kwana ba a yarda da jariri a cikinsu ba. Ana iya yi wa gidajen haya rajista, jami'a ta san masu su, ta san akwai ƙofa da ruwa. Ɗaki ɗaya mai tabarma da fanka da mai raino biyu kusa da azuzuwa, ɗalibai da ma'aikata su riƙa biyan ɗan abin da ya sauƙaƙa, ba ya fi ƙarfin kuɗin shigar kowace jami'a. Haka ma ban-ɗaki mai ruwa da ƙofar da ke rufuwa. Akwai ɗaliban da ke ƙin shan ruwa tun safe saboda sun san babu inda za su zaga.

Tambaya ta biyu ta uban ita ce mafi nauyi. Cin zarafin ɗalibai mata ba jita-jita ba ne a ƙasar nan. A 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na jami'ar Ile-Ife shekara biyu kan neman ɗaliba da maki, a 2019 binciken BBC ya tona irin wannan a Legas da Ghana, a 2020 kuma Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin hukunta masu yin haka a manyan makarantu. Masu cewa wannan matsalar Kudu ce suna yaudarar kansu. Bambancin kawai, a nan shirun ya fi kauri. Yarinya ta san idan ta faɗa a gida, ba malamin za a hukunta ba, ita za a ce ta tattaro kayanta. Idan magana ta fita gari, sunanta ne zai ɓaci a wurin masu neman aurenta. Don haka take haɗiyewa, ko ta bar kwas ɗin ya zama kariyoba, ko ta daina zuwa ba tare da ta faɗi dalili ba.

Jami'o'i suna saurin fitar da dokar sutura, su kafa allo a bakin ƙofa. Ba na jayayya da kamun kai, amma wadda ke cikin hijabi har ƙasa ma ba ta tsira ba, kuma dokar sutura ba ta gaya mata inda za ta kai kuka. Abin da ake buƙata shi ne hanyar ƙorafi da ba ta bi ta ofishin shugaban sashe, wanda wataƙila abokin wanda ake zargi ne ko ɗalibinsa. A samu kwamiti mai zaman kansa, da mata dattijai a ciki, da wani daga wajen jami'a, da wa'adin da dole ya kammala bincike. A ba ɗaliba damar neman wani malami daga wata jami'a ya sake duba takardar jarrabawarta ba tare da an tsawwala kuɗi ba. A ba ta damar sauya malamin da ke duba aikin bincikenta na ƙarshe. A hana ganawa da ɗalibai a gida ko otal ko bayan an tashi aiki. Wannan tsari yana kare malamin kirki ma, domin inda ake bincike na gaskiya, ƙazafi ba ya tasiri. Kuma idan an samu mutum da laifi, a sanar da hukuncin, kada a lallaɓa ya ajiye aiki ya koma wata jami'ar.

Batun kuɗi gajere ne amma mai ciwo. Idan abin hannu ya gaza, gida yakan zaɓi namiji. Asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda aka sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da naira 20,000 a wata, ba ruwa a kansa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amma yana buƙatar lambar NIN da BVN da asusun banki, kuma akwai iyayen da ke tsoron a aurar da 'ya da bashi a wuyanta. Aikin jami'a ne ta zaunar da iyaye ta yi musu bayani da Hausa da Fulatanci, ta kuma yarda a biya kuɗin rajista kashi-kashi maimakon rufe shafi a rana ɗaya.

Me ya sa waɗannan gyare-gyare masu sauƙi suka daɗe ba a yi ba? Ina ganin saboda waɗanda suka san zafin abin ba su da yawa a ɗakin da ake yanke hukunci. Sai a 1985 Najeriya ta samu mace ta farko shugabar jami'a, Farfesa Grace Alele-Williams a Benin. Bauchi tana da abin alfahari a nan: Farfesa Gambo Laraba Abdullahi, 'yar Azare, masaniyar kemistiri, ta shugabanci Jami'ar Abuja, kuma a ƙarshen 2022 aka naɗa Farfesa Fatima Tahir shugabar jami'ar jiha da ke Gaɗau. Amma mace ɗaya a kan kujera ba ta sauya Sanet mai cike da maza. Kujerar Sanet galibi ta farfesa ce, farfesa kuma sai da digiri na uku da tarin wallafe-wallafe, a daidai shekarun da mace ke haihuwa da raino. Tallafin ƙaro karatu yakan buƙaci barin gari shekara uku, abin da namiji ke yi da jaka ɗaya, mace kuwa sai an yi zaman dangi. Idan ana so a ga mata a Sanet nan da shekara goma sha biyar, yau za a fara riƙe 'yan matan da suka fita da sakamako mafi kyau a matsayin ƙananan malamai, a kuma bar su su yi digirinsu na gaba a kusa. Majalisar Gudanarwa kuwa ba ta buƙatar jira. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta ce a ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai. Gwamna yana iya cika wannan a mambobin da yake naɗawa da alƙalami ɗaya, kuma jihohin nan biyu ba su rasa tsofaffin shugabannin makarantu da likitoci da alƙalai mata da za su iya ba.

Na san abin da wasu za su ce: samarinmu ma suna yawo babu karatu, me ya sa za a ware mata? Gaskiya ne samari na cikin hali, amma kusan duk abin da na lissafa yana amfanar su. Jarrabawar cike gurbi, biyan kuɗi kashi-kashi, sake duba takarda, duk na kowa ne. Abin da ya keɓanta ga mace shi ne abin da Allah ya keɓance ta da shi, ciki da haihuwa da shayarwa da idda. Wasu kuma za su ce wannan ajandar Turawa ce. Ƙasar da Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da matan aure a cikin gidajensu ba ta buƙatar aron hujja daga waje, kuma dabarar da ta yi ita ce dai wadda ake nema yanzu, a tsara karatu yadda zai dace da rayuwar mace. Inda masu wannan zargi suke da gaskiya shi ne yadda ake rubuta manufofin. Sau da yawa wata ƙungiyar waje ce ke kawo kuɗi, a yi taro a otal, a buga ɗan littafi da Turanci, a ajiye a kabad. Ba a tambayi matar da ke kula da ɗakin kwanan ɗalibai ba, ba a tambayi ɗalibai masu aure ba, ba a gayyaci ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta mata Musulmi ko limamai ko masarautu ba, alhali su ne iyaye ke saurara.

A duk bikin yaye ɗalibai ana karanto adadin waɗanda suka kammala, a tafa. Ba a karanto adadin waɗanda suka shiga tare da su suka ɓace a hanya, kuma ɗaukar ɗalibai ba tare da wannan lissafi ba zuba ruwa ne a tulu mai huji. Bayanan suna nan a ofishin magatakarda. Majalisar Gudanarwa tana iya umartar a kawo mata, sashe-sashe, mata nawa aka ɗauka a shekara kaza, nawa suka gama a kan lokaci, nawa suka daina rajista, kuma a wane aji. Daga nan a ɗauki lambobin wayar da ke cikin fayil ɗinsu a kira su ɗaya bayan ɗaya, a ji dalili, a kuma gaya wa duk wadda ta bari saboda aure ko haihuwa ko rashin kuɗi cewa sakamakonta na baya yana nan, za ta iya dawowa ta ɗora daga inda ta tsaya.